Kwanon da Ba a Ajiye Shi a Ƙasa

Tabarma biyu aka shimfiɗa a ƙofar gidanmu na unguwar Hashimi ranar da Kaka ya rasu. Jama'a sun yi yawa, amma ba yawansu ne ya sa aka shimfiɗa biyu ba. 'Ya'yansa maza biyu ne ba sa zama wuri ɗaya. Kawu Babba ya zauna dama da ƙofar zaure, Kawu Ƙarami ya zauna hagu a gindin dalbejiya. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya durƙusa sau biyu, ya shafa fatiha sau biyu, kamar mutum biyu aka binne. Ni kuwa ina tsakiya ina miƙa buta kaina a sunkuye, domin na san wanda ya raba tabarmar nan. Ni ne.

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Kaka, mahaifin Innata, ya cika ranar wata Alhamis cikin damina, 'yan shekaru bayan gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, lokacin da Suleja ta cika da baƙi har ɗakin ajiyar hatsi ya zama ɗakin haya.

Liman da ya zo ya ce, "Yau unguwa ta rasa mai ɗinke ɓaraka." Sai idonsa ya faɗa kan tabarmi biyun, ya yi tari, ya ja carbinsa. Wani tsohon Gbagyi da suka yi aiki tare tun suna samari ya taso daga ƙauyensu, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana ta cewa da Hausarsa, "Shi ba ya gaggawan wuta. Shi kaɗai ba ya gaggawan wuta." Wani Bakano ɗan haya a gidanmu, ma'aikacin ofis a Abuja, ya ce shi bai taɓa ganin mai gida da zai tsare ɗan haya yana tambayarsa yadda ake gaida tsofaffi a garinsu ba, sai wannan.

Duk waɗannan na ji su da daɗi. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ta wani maƙwabci, da ya raɗa wa na kusa da shi, yana zaton ba na ji: "Ikon Allah. Ya sasanta rabin Suleja, ya kasa sasanta cikin gidansa."

Saboda wannan maganar nake rubutun nan. Bai kasa ba. Ɓata masa aka yi, kuma ina so a san da haka tun masu shaida suna raye.

Kaka mai wuta ne a gidan tukwanen Suleja, inda ake gina tangaran. Wasu ke gini, wasu ke shafa ruwan ƙyalli, shi kuma aikinsa tanderu: ya tsaya a bakinsa yini guda yana ƙara itace, yana leƙen launin wuta ta wata 'yar kafa. Gashin girarsa bai taɓa cika ba har ya mutu. Ya yi makarantar midil, yana karanta Turanci a hankali da yatsa a kan layi. Da wani Bature da suka yi aiki da shi zai koma gida, sai ya bar masa akwatin littattafai, yawancinsu kan tukwanen ƙasashe ne, wasu kuma kan mutanen da suka gina tukwanen da irin tunaninsu. Daga nan Kaka ya ɗauko ciwon da bai warke ba: Girkawan dā da Sinawan dā. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba, amma in ka ji yana ba da labarinsu sai ka ce maƙwabtansa ne da suke aron gatari.

Hotuna biyu ya yanko ya manna a bangon zaure. Ɗaya tulun Girkawa ne, baƙi da ja, jikinsa cike da mutane, wasu da mashi, wasu suna nuna juna da yatsa. Ɗayan kwanon Sinawa ne, kore-kore kamar ruwan tafki, babu ko ɗigon zane.

Ni kuma na dawo daga jami'a da digirin siyasa, kaina cike da Girkawa, na sami aiki a wata ma'aikata a Abuja, kullum ina bin bas da sassafe in dawo da yamma. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. In mutum ya ce mini "ina kwana", sai in ji kamar in tambaye shi me yake nufi da kwana. Kaka ya dube ni sati ɗaya ya raɗa mini suna Bagirke. Ni kuma, da yake jika ne, ina ce masa Tsoho, ina yi masa barazanar ƙwace masa mata, wato kakata Iya, wadda ke kirana angonta.

Asabar da hantsi, bayan koko da ƙosai, ita ce ranarmu.

"Bagirke, zo zauna. Wa ka kayar a ofis wannan makon?"

"Tsoho, ai kai nake jira."

Sai ya nuna tulun da sandarsa. "Dubi mutanenka. Ko a jikin tulu ba su daina gardama ba." Ya koma kan kwanon. "Wannan kuwa bai ce komai ba. Amma dubi leɓensa. Wanda ya gina shi yana tunanin bakin da zai sha."

Ni abin da na riƙe shi ne, Girkawa sun fi kowa gaskiya, domin babban malaminsu kasuwa yake shiga ya tare manya, ya tambayi jarumi mene ne jarunta, ya tambayi alƙali mene ne adalci, yana bin amsarsu da tambaya har su gane ba su san abin da suke taƙama da shi ba. Na ce wanda bai iya faɗin mene ne abu ba, bai san abin ba.

Kaka ya ce, "To. Iya ta shekara hamsin tana tuƙa tuwo. Shiga ka ce ta faɗa maka mene ne tuwo. In ta kasa, daga yau ka daina ci."

Iya ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Angona, kada ka biye wa tsohon nan, so yake ka rame in fasa aurenka."

Shi a nasa karatun, Sinawa ba a baki suke auna sani ba, a zama suke auna shi. Yadda ka shiga ɗaki, wanda ka fara gaisarwa, inda ka tsaya a jana'iza. Gida shi ne makarantar farko ta mulki, wanda bai iya zama da yayansa ba ba a ba shi riƙon gari. Yakan ce, "Bagirke yana neman abin da yake gaskiya ko da babu kowa a wurin. Basine kuwa sai ya fara dubawa, su wa ke wurin?"

Na ce masa irin wannan ladabin ne ya sa soja ke zaune a kanmu muna ce musu ranku ya daɗe. Ya leƙa waje, ya yi dariya, ya ce in rage murya kada a kwashe shi da tsufansa. Amma bai musa ba. Kaka ba ya cin gardama da ƙarfin furfura, wannan na shaide shi. A ranar ne ya ba ni labarin wata shekara da ya ga babbansu a wurin aiki ya sa a buɗe tanderu tun bai huce ba. Ya san kuskure ne, amma ya ji nauyin gyara wa babba a gaban yara, ya yi shiru. Aikin wata guda ya tsattsage a gaban idonsu.

"Ranar na so a ce ni Bagirke ne," in ji shi. "Kunya ma takan yi ɓarna, kada ka ji na ce ba ta yi. Tambaya wuta ce, kuma ba tangaran sai da wuta. Sai dai mu masu wuta kaɗan-kaɗan muke ƙara itace."

Wata Asabar kuma ya ce mini shi ya lura da abu ɗaya: malamin Girkawa mutanen garinsu guba suka ba shi, malamin Sinawa kuma ya ƙare yawo daga wannan fada zuwa waccan ba wanda ya riƙe shi. "Ka ga duk biyun ba su ji daɗin garinsu ba. Don haka ni da kai kada wani ya yi wa wani taƙama."

Akwai kwano na uku, wanda ba hoto ba ne. Shi ya gina shi da hannunsa, ya yi ta gwada toka da garin dutse har ya sami koren da ya kusa kama da na Sinawan. Faɗinsa ya kai ƙwaryar fura, yana da nauyi, amma ƙasansa a tsuke yake kamar ƙwai. In ka ajiye shi sai ya kife. Abokan aikinsa sun yi masa dariya, suka ce mai wuta ya tsaya a wutarsa. Ashe da gangan ya yi.

Da wannan kwanon yake sulhu. In mutum biyu suka saɓa a unguwa, kan kwata ko iyakar gona ko awaki, sai ya sa musu rana. Ba ya zaunar da su suna fuskantar juna, kafaɗa da kafaɗa yake jera su. Iya ta dama fura ta cika kwanon. Shi zai fara kurɓa, ya miƙa wa babba a cikinsu, sannan ya cusa hannayensa cikin riga. Duk wanda ke zauren ya san doka, shi ma sai ya ɓoye nasa. Mutum ya sha, ya rasa inda zai ajiye, ya rasa mai karɓa, sai abokin gabarsa. Na ga ƙato ya riƙe kwanon nan har gumi ya karyo masa kafin ya miƙa. Amma a ƙarshe yakan miƙa, kuma da wuya a miƙa wa mutum abu da hannu biyu ya karɓa bai ce sannu ba. Daga nan magana take farawa. Ban taɓa jin Kaka ya ce wane kai ne mai laifi ba.

Ni a lokacin ina ganin wannan rufa-rufa ce. A sha fura a tashi, mai gaskiya da marar gaskiya duk ɗaya. Na sha faɗa masa haka ranar Asabar, yana dariya.

Sai rigimar ta shigo gidanmu. Kawu Babba ya ga kowa na gina ɗakunan haya, shi ma ya jera bulo a gefensa, ya ja katanga. Katangar ta haɗa da rijiyar gida. Matar Kawu Ƙarami, da ciki a gabanta, sai ta fita titi ta zagaya ta ƙofar 'yan haya kafin ta ɗebo ruwan da aka shekara ana sha tare. Da aka yi magana, Kawu Babba ya ce ai Baba ya ba shi wannan gefen tun tuni. Kowa a gidan ya san ba a yi haka ba. Kaka kuwa bai ce uffan ba har mako uku, ni kuma raina yana ta tafasa. Ina son Kawu Ƙarami, shi ya koya mini hawan keke, kuma ba ya iya faɗa.

Ranar zaman, wata Lahadi ce bayan la'asar, zauren ya cika. Liman na nan, da maƙwabta uku, 'yan haya kuma suna leƙe daga waje. Kawunnan biyu suna jere. Kaka ya kurɓa fura, ya ɗago kwanon zai miƙa wa Kawu Babba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa.

"Tsoho, kafin a sha, ina da tambaya."

A gaban Liman na ce masa Tsoho. Wasan jika da kaka na ɗauko daga Asabar ɗinmu na kawo shi inda ba wurinsa ba.

Ya dube ni a hankali. "Bagirke, yau ba Asabar ba ce. Bari a sha tukuna."

"Ai tambaya rabin ilimi ce, kai ka koya mini. Ka ba Kawu gefen rijiya, ko ba ka ba shi ba?"

Yanzu na gane abin da na yi masa: ko ya yi ƙarya a gaban Liman, ko ya ƙaryata ɗansa na fari a gaban 'yan haya. A lokacin kuwa daɗi nake ji, kamar mai dara da ya ga gida.

Ya ce, "Gidan nan na kowa ne."

"In na kowa ne, ya halatta mutum ɗaya ya kewaye ruwan kowa?"

Sai na juya kan Kawu Babba, mutumin da ya yanka ragon sunana. Na tambaye shi yaushe aka ba shi. Ya ce shekarar da aka sake rufin zaure. Na ce ai shekarar nan kana Minna, ba ka zo ba sai da Sallah. Ya ce to da Sallar ne. Na ce a gaban wa? Ya ce a gaban Iya. Na ce ga Iya can a ciki, a kira ta? Wani daga cikin masu leƙe ya ƙyalƙyale da dariya.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma wanda ya ji daɗin bakinsa ba ya jin birki. Na koma kan Kaka na ce, "Tsoho, shekara arba'in kana sulhu. Faɗa mana mene ne adalci. In ba ka sani ba, me kake rabawa a cikin kwanon nan?"

Kawu Babba ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "Baba, tunda tara mini jama'a aka yi don ɗan ƙanwata ya ce ni maƙaryaci ne, na ji. Allah ya ba ku haƙuri." Ya fita. Kawu Ƙarami, wanda nake ganin ina yi wa yaƙi, ya dube ni da wani irin kallo, shi ma ya fita ta ɗaya ƙofar.

Duk wannan lokacin kwanon yana hannun Kaka. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Mutanen zaure duk hannunsu na cikin riga, kunya ta daskarar da su. Ni na fi kowa kusa da shi, hannuna a waje, na harɗe su a ƙirji irin na wanda ya ci gardama. Ya dube ni. Ban karɓa ba. Sai ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, kwanon ya mirgina, fura ta malale a tabarma, leɓensa ya bugi dokin ƙofa ya ɓalle kaɗan.

Magana zarar bunu ce. Cikin wata guda Kawu Babba ya kwashe iyalinsa ya koma Izom inda yake da gona. Katanga tana nan inda take. Matar Kawu Ƙarami ta haihu, ta yi arba'in, ta ci gaba da zagayawa ta titi da bokiti a ka. Gaskiyar tawa ko moɗa ɗaya ta ruwa ba ta kawo mata ba. Kaka kuma ya daina sulhu. In an zo masa da ƙara sai ya ce, "Ku je wurin Liman, ni hannuna ya yi rauni."

Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi kawai, ya daina ce mini Bagirke. Asabar ta gaba na shiga zaure, ya gyara zama ya ce, "Malam, barka da hantsi. Yaya aiki?" Malam. Kamar wani baƙon da ya zo daga ofishin haraji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sau ɗaya na yi niyyar ba shi haƙuri. Na shirya maganata tun a cikin bas. Na durƙusa na fara da kyau, amma kafin in kai ƙarshe sai na ji bakina yana cewa, "Sai dai Kaka, ai gaskiya na faɗa."

Ya ce, "Gaskiya ka faɗa."

"To?"

"To, Allah ya ba da lada, Malam."

Shekara biyu muka yi a haka. Ina gaishe shi safe da yamma, ina kawo masa lemo da maganin ƙafa, yana sa mini albarka. Na ce aiki ya yi yawa, na fara zuwa ofis har ranar Asabar, alhali ba abin da nake yi sai juya fayil. Da jikinsa ya yi tsanani cikin daminar nan, na ce wa kaina wannan Asabar ɗin zan zauna a gabansa in ce na yi kuskure, ba tare da "sai dai" ba. Ranar Alhamis da yamma na iso tasha zan hau motar gida, direban, ɗan unguwarmu, ya kama hannuna ya ce, "Oga, ba a same ka a ofis ba? Ai tun azahar aka kai Baba." Ko ƙasar kabarinsa ban zuba ba.

Ranar kwana shida Iya ta aika a kira ni ɗakinta, inda take zaman takaba. Ta rame, amma bakinta na nan.

"Angona, zauna. Kana ta yawo a tsakar gida kamar kazar da aka jiƙa. Akwai abin da tsohon ya hana ni faɗa maka, yanzu kuwa ba ya nan balle ya hana."

Ta ce kwana uku kafin zaman nan, Kawu Babba ya zo da hantsi ya durƙusa a gaban mahaifinsa, a nan ɗakin, ya ce ƙarya ya yi, kuma ya rasa yadda zai janye ba tare da ya zubar da girmansa a gaban ƙaninsa ba. Kaka ya ce masa ba sai ya faɗa a gaban kowa ba. In ya sha ya miƙa wa ƙaninsa, sai ya ce shi da kansa, a matsayinsa na babba, ya ga ya kamata a fasa ƙofa a katangar. Har birkila an yi wa magana, Litinin zai zo.

"Haka yake yi da kowa," in ji Iya. "Kai kana ganin fura kawai. Kafin ranar fura ya yi sawu goma gidan kowannensu. Tambayoyin nan naka duk yana yin su, har waɗanda suka fi naka zafi, amma a ɗaki, mutum ɗaya, ƙofa a rufe. Ya san amsar tambayarka tun kafin ka buɗe baki."

Na ce, "Iya, me ya hana shi faɗa mini? Shekara biyu!"

"Ya ce in ya faɗa maka ya tona asirin kawunka sau biyu ke nan. Kuma ya ce kai ma ba ka huce ba, a bar ka tukuna." Ta share ido da bakin mayafi. "Kullum Asabar sai ya sa na ƙara ƙosai. Ko makon da zai tafi sai da ya ce, Bagirke bai shigo ba? A bayan idonka bai taɓa ce maka Malam ba."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta jawo wani ƙunshin zane daga ƙarƙashin gado ta tura mini da ƙafa. Kwanon ne a ciki. Ta ce gobe bakwai, Innarka za ta dama fura.

Na rubuta wannan sirrin ne da izinin Kawu Babba. Da na tambaye shi ya ce, "Rubuta. Baba ya rufa mini asiri har kabari, ni ba zan bari a ce ya kasa ba."

Ranar bakwai da safe, bayan an shafa addu'a, jama'a ba su watse ba, na fito daga zaure da kwanon a hannu biyu. Na ji surutu ya ɗauke. Yawancin waɗanda ke wurin sun taɓa sha a cikinsa. Na wuce har gaban Kawu Babba na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa.

Na ce, "Kawu, ni na yi maka rashin kunya a gaban mutane, a gaban mutane nake roƙonka. Yau ba ni da tambaya."

Ya daɗe yana kallon kwanon, ba ni ba. Na ji nauyin da Kaka ya ji. Can ya sa hannu ya karɓa, ya kurɓa. Ya miƙo mini. Ni kuwa na riga na cusa hannuwana cikin riga.

Ya dubi Liman. Liman ya saki carbi a cinya ya ɓoye nasa. Ya dubi tsohon Gbagyin nan, tsohon ya harɗe hannu a baya yana kallon sama. Maƙwabcin da ya yi raɗar nan ya ɓoye nasa. Har Bakanon ɗan haya, da ya ga abin da ake yi, ya zura hannu a aljihu. Layi guda na mutane, babu hannu ko ɗaya a waje.

Kawu Babba ya dubi ƙasa, kuma na san ya tuna yadda furar nan ta malale. Sai ya yunƙura ya miƙe da kwanon. Tsakanin tabarmarsa da gindin dalbejiya bai fi taku shida ba. Ya taka su.

"Karɓi," in ji shi. "Hannuna ya gaji."

Kawu Ƙarami ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Sannu, Yaya."

Ya sha. Sannan ya waiwaya ya neme ni inda nake durƙushe, ya zo ya miƙo mini. Wannan karon na karɓa. Gefen da ya ɓalle ne ya zo daidai bakina, ban juya shi ba.

Birkila ya zo ranar Litinin, shekara biyu bayan ranar da aka sa masa. Hotuna biyun suna nan a bangon zaure, sun koɗe, ban cire ko ɗaya ba, domin shi ma bai cire ba. Har yanzu in an tambaye ni tsakanin Girkawa da Sinawa wa ya fi sanin zaman duniya, nakan ce na san wani mai wuta a Suleja da ya riƙe su duka biyu a hannu ɗaya, ni ban gane ba sai da ya tafi.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya zukatan mutane, ya ba Iya haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha. In ya rage da sauran addu'a a bakinsa, ya roƙa mini yafiyar da na ce sai Asabar.